Maɓallin da Na Ɗaura a Sandar Jirgin Surukina

Duk wata sai an kawo mini matasa biyu ko uku a shago, a ce in koya musu aikin tabulo, wai ai ba shi da nauyi. Tabulo shi ne allon nan da ke gaban direba, inda agogunan inji da maɓallai suke zaune. Haka muke kiransa a nan birnin Kwatano. Iyayen gani suke yi ba a shiga ƙarƙashin mota, ba a ɗaga giyabos, a inuwa ake zaune da sukundireba. Su kuma matasan sun ga hotuna a waya, sun ɗauka huda faranti ne a jera agogo ya yi kyau. To ku saurara. Shekara talatin da shida ina wannan sana'a, ina sayarwa ina ɗaurawa. Na yi tirela, na yi tankar mai, na yi kwale-kwalen masunta na Avotrou, na yi jirgin sama sau ɗaya. Jirgin kujera ɗaya gare shi, kuma wanda zai zauna a kai uban matata ne. Ransa yana hannun inda zan sa kowane abu a gabansa. Amma sai na fara da inda na koya, in ba haka ba ba za ku gane abin da na yi ba.

Wurin Metir Salifu na koya, Metir kuwa shi ne maigidan sana'a a bakinmu, a wata rumfar kwano bayan tashar manyan motoci, kusa da unguwar Jonquet. Ina ɗan shekara goma sha biyar mahaifina ya kai ni da ƙwaryar goro. Aikin farko da ya ba ni tabulon wata tifa ne da ta faɗa rami a hanyar arewa, aka yanko kanta aka sayar masa da sunan tsohon ƙarfe. Ya ba ni bokiti da tsumma ya ce in wanke. Abin da na wanke ba laka ba ce kaɗai. Da na gama na ɗauki sukundireba zan kwance, ya buge mini hannu, ya ce kafin in taɓa ƙusa ɗaya in gaya masa abin da direban yake nema lokacin da ya mutu. Na duba allon ban ga komai ba. Shi ya nuna mini. Maɓallin share gilashi a kunne yake, alhali rani ne. Daf da shi, launi ɗaya girma ɗaya, ga maɓallin birkin inji a kashe. Mutumin ya kai hannu neman birki a gangara, ya kunna abin share ruwa. Metir ya ce wanda ya ɗaura su kusa da juna yana nan cikin gari yana cin tuwonsa. Shekara biyu na yi ina kwance allunan motocin da suka yi hatsari ina karanta masa su, kafin ya yarda in haɗa waya biyu.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ƙarfen dalma da ake sawa a garwashi, kafin mai lantarki ya zo, da ƙwan fitila mai wutsiya biyu na gwada waya, da filaya da zarto da alli. Amma abin da Metir ya fi ji da shi kwalin sabulu ne da murafen kwalba. In an kawo mota a sake mata allo, ba ya fara taɓa ƙarfe. Sai ya yanka kwali daidai girman allon ya kafa a gaban kujera, ya zaunar da wanda zai tuƙa motar, ba mai ita ba, ya liƙa murafen da ƙaro, kowanne a madadin maɓalli ko agogo. Ya ja wa direban hula ta rufe masa ido, ya riƙa kira: hon, fitila, birki. Inda yatsa ya sauka sau uku, nan abin zai zauna, ko da bai yi kyan gani ba. Abu biyu da suke kusa da juna ba ya barinsu da siffa ɗaya. Ya kan fere ɗaya da zarto ko ya naɗe shi da roba, don yatsa ya gane shi ba sai ido ya taimaka ba.

Bayan wannan akwai na ƙarshe, wanda direbobi ba su san gwaji ba ne. Ya cire musu hular, yana tambayarsu iyali da farashin gazuwal, wato man dizal, sai kawai ya wurga musu tarin makullai a ƙirji. Hannun da ya cafe yake kallo. Ya ce mutum hannu biyu gare shi, na ladabi da na tsoro. A Zongo, unguwarmu ta Hausawa, ba a barin yaro ya tashi bahago. A buge masa hagu a kan akushi, a ɗaure ta da zani, har ya iya ci da dama, ya yi rubutu da dama, ya miƙa da dama. Ya girma kowa ya manta, har shi kansa. Amma ranar da taya ta fashe a kan gada, hannun da aka haife shi da shi ne yake fita. Wani direban tanka ɗan Farakou ya taɓa cafe makullan da hagu, Metir ya cire duk murafen ya sake jerawa daga farko. Mutumin ya yi ta faɗa wai ana ɓata masa lokaci. Metir bai ko ɗaga kai ba.

Ƙa'idarsa guda da ba ya wasa da ita: abin da ke kashe inji ba a sa shi inda hannu yake faɗawa da kansa. A sa shi inda sai mutum ya yi niyya, a yi masa murfi.

Da na sami 'yanci, wato Metir ya yaye ni bayan shekara bakwai, ban buɗe rumfar gyara kawai ba. Na lura motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa, waɗanda suka daku a hanya, allunansu lafiya lau suke, kuma masu filin ajiye motoci ba su san darajarsu ba. Na riƙa saye a dunƙule ina kwancewa ina jerawa a kanta. Da haka na zama dila. Lokacin motoci suna wucewa Nijeriya dare da rana, kowace tana son agogon da ya mutu a canza shi kafin mai saye ya gani. Wasu suna zuwa a juya musu agogon nisa baya, mota ta zama yarinya. Wannan ban yi ba, ba don na fi kowa tsoron Allah ba, don na ga wanda ya yi sau ɗaya ba ya sake samun wani aiki sai shi. Na gina gida, na je Makka, na auri Rabi.

Mahaifin Rabi ba zan rubuta sunansa ba. Suruki ne, Baba nake ce masa. Asalinsu tsofaffin fataken Zongo ne, amma shi boko ya yi, ya shekara talatin yana gyaran ƙananan jirage a filin jirgi. Da ƙuruciya ya koyi tuƙi, ya yi awoyi a sama tare da malami, sai kuɗin karatun ya yanke bai karɓi takarda ba. Da ya yi ritaya ya fara ƙera jirgi a tsakar gidansa na unguwar Vêdoko, da bututun ƙarfe da filawud da yadi, ya ɗora masa injin Boswaja, ya sassaƙa farfela da hannunsa daga katako. Shekara goma sha ɗaya yana yi. 'Yan unguwa suna dariya a bayan idonsa, amma ni na ga walda irin tasa, ban yi dariya ba. Abin da ya rage masa wurin zaman matuƙi, kuma hannunsa ya fara rawa, ba ya iya riƙe ƙarfen dalma. Sau uku yana aiko mini ta bakin Rabi, sau uku ina cewa aiki ya yi mini yawa. Kun san tsakanin mutum da surukinsa. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, in na gaishe shi a tsugune nake. Yaya zan ja wa irin wannan mutum hula ta rufe masa ido?

Sai shekarar da Nijeriya ta rufe iyaka ta zo. Wanda bai ga Kwatano a lokacin ba ba zai gane ba. Filayen motoci cike, ciyawa tana fitowa ta ƙarƙashin taya, iskar teku tana cin fenti. Dillalan da na sani da manyan riguna suka koma tuƙa babur ɗin haya. Na sallami mutum biyar daga shago, ina buɗewa da safe ina share ƙura a kan agoguna ina rufewa da la'asar. Baba ya aiko karo na huɗu. Duk Zongo ta san ba ni da aiki, ba ni da abin da zan fake da shi. Na ɗauki kwali da murafen kwalba na tafi Vêdoko.

Wurin zaman ƙunci ne, kafaɗa tana taɓa bango hagu da dama. A tsakiya, tsakanin gwiwoyi, akwai sanda, ita ce sitiyarin jirgi: ka ja ta hanci ya ɗaga, ka tura ta ya sunkuya. Baba ya riga ya zana yadda yake so, irin yadda aka koya masa: dama a kan sanda, hagu a kan totur da ke jikin bangon hagu, a tura gaba wuta ta ƙaru. Ya ce in cire sifirin ɗin da ke mayar da totur baya irin na mota, in sa masa noti mai riƙewa, don a jirgi inda ka ajiye totur nan ya kamata ya tsaya ko ka sake shi. Na yarda, don gaskiyarsa ce. Sati biyu muna kan kwali. Agogon gudu na sa shi a sama daidai ido, na tsawo a gefensa, na mai da na zafin inji a ƙasa. Famfon fetur na kai shi ƙarƙashin gwiwar dama na yi masa jan hannu mai kusurwa, makullin kashe inji a ƙuryar dama da murfi a kansa. Na sa ya ɗaura bel ya miƙa hannu, duk abin da bai kai ba na matso da shi. Maganar hula kuwa shi ya sauƙaƙa mini, ya ce a filin jirgi ma haka ake yi, ya ja abarsa da kansa. Bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Makullai suna aljihuna duk sati biyun. Ban jefa ba. Na ce a raina mutumin da ya shekara talatin cikin jirage ya wuce wannan, amma gaskiyar ita ce ba a jifan suruki.

Ranar da na kawo farantin alminiyon na gaskiya ina ɗaura agoguna, na ajiye agogon tsawo a kan fiffike. Shi kaɗai ne ba daga kantina ya fito ba, wani abokin aikinsa ya kawo masa daga waje, babu na biyunsa a garin. Gwiwar hannuna ta ture shi. Baba yana tsaye, agogon ya gangaro ta damansa, hannun daman nan babu komai a cikinsa. Hagu ce ta tsallaka jikinsa ta cafe shi kafin ya kai ƙasa. Ya mayar da shi dama ya miƙo mini, ya ce in riƙa lura. Bai san abin da ya yi ba.

Ga abin da na hango. Takardar izinin tashi ba ta fito ba, don haka shirinsa ya gwada gudu a ƙasa kawai, a wata doguwar hanyar jar ƙasa cikin gonar wani abokinsa a bayan gari, wadda ƙarshenta itatuwan kwakwar manja ne. In jirgin ya karkace yana cikin gudu, hagu za ta saki totur ta kama sanda. Totur kuma ba shi da sifirin, zai tsaya a cike. Hannu biyu a kan sanda, inji yana iyakar ƙarfinsa, makullin kashewa yana can ƙuryar dama ƙarƙashin murfi, itatuwa a gaba.

Ba zan iya faɗa masa da bakina ba, sai na tafi wurin Malam Inuwa mai goro, abokinsa tun suna makarantar allo, wanda shi kaɗai yake iya ce masa mahaukaci a gaban mutane. Na same shi yana yayyafa wa huhun goro ruwa. Da na tambaye shi ko Baba bahago ne, ya yi dariya har ya yi tari, ya ce wa ya tono wannan gawa? Ya ce malaminsu ya karya tsumagiya ba adadi a kan hagun nan, kuma uban Baba ya taɓa ɗaure masa ita a baya wata guda cur. Na bayyana masa abin da nake so: a juya komai, sanda a hagu, totur a bangon dama. Aikin sati uku ne, sai kuma Baba ya zauna ya koya wa hannuwansa sabon wuri. Malam Inuwa ya daina dariya, ya ce zai gwada, amma in sani tsohon nan ya fi son a ce masa ɓarawo da a ce masa bahago.

Bayan kwana biyu Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure shi kaɗai. Na tsuguna, bai ce in tashi ba.

"Kai ka aiki Inuwa?"

Na ce ni ne, ya yi haƙuri.

"Shekara sittin da biyar ina ci da dama. Da dama na yi rubutu, da dama na riƙe sanda a sama kafin a haife ka. Da dama na karɓi sadakin matarka. Yau kai za ka zo gidana ka gaya mini da wane hannu aka haife ni?"

Ranar na fara ɗaga kai na dube shi tun da na auri 'yarsa. Na ce, "Baba, ba ni na faɗa ba. Hannunku ne ya faɗa, ranar da agogo ya faɗi. Ni abin da na gani nake ɗaurawa."

Sannan ya ce Inuwa ya ba shi labarin wasan makullan da muke yi wa direbobi, in jefa masa yanzu mu gani. Na ce in mutum ya sani, gwajin ya lalace. Ya ce in jefa. Na jefa. Ya cafe da dama, tsaf, ya ajiye su a gabana a kan tabarma. Ya ce allon zai zauna yadda ya zana, in ba zan iya ba in faɗa, akwai masu haɗa rediyon mota a Jonquet.

A nan ne za ku ce da kun ƙi. Na auna wannan. Da na janye, jirgin ba zai fasa fita ba, mai haɗa rediyo ne zai murɗa wayoyin da haƙori ya naɗe da leda. Na kuma auna in mayar da sifirin a ɓoye, amma zai ji shi a hannu tun gwajin farko ya cire. Sai dabara ta zo mini, kuma na ji daɗinta, wannan shi ne abin da ya kamata ya tsorata ni. Na ce tunda na san inda hagun za ta je, bari in ajiye mata abin kashe inji a can. Na ciro maɓallin hon na babur daga kanta, mai laushi, na ɗaura a jikin sanda ta ɓangaren hagu, ƙasa kaɗan da inda dama take riƙewa. Na haɗa shi yadda taɓawa ɗaya za ta yanke wutar fulogi gaba ɗaya, ko an saki ba za ta dawo ba. Ban yi masa murfi ba, don murfi zai hana shi aikin da na sa shi. Ina ɗaurewa ina jin muryar Metir Salifu, na ce masa a raina wannan daban ne, jirgin ba tashi zai yi ba, a ƙasa zai gudu.

Ban ɓoye wa Baba ba. Na nuna masa na gaya masa amfaninsa. Ya dube shi ya ce in bar abina in hankalina zai kwanta, shi dai ba zai taɓa shi ba, don hagunsa tana da wurinta. Na roƙa ya zauna mu yi gwajin hula da shi ko sau ashirin. Ya ce ya gama wasan yara. A sana'armu, abin da hannu bai koya ba, ba ka da ikon sa shi a gaban mutum. Na san wannan ma.

Muka kwance fikafikan muka ɗora jirgin a bayan babbar mota, muka kai gonar wata ranar Asabar da hantsi. Mu shida ne, har da Malam Inuwa da ƙanin Baba, Alhaji Sani, da mai gonar. Na sake bin kowace waya da ƙwan fitila. Baba ya yi alwala, ya yi raka'a biyu a gefen hanya, ya shiga. Gudu na farko da na biyu a hankali ya yi, kamar mai koyon keke. Na uku ya ƙara wuta. Na huɗu wutsiyar ta ɗaga daga ƙasa, ya rage totur ya tsaya daidai inda muka kafa tsumma a sanda. Ya juyo yana murmushi, Malam Inuwa ya ce masa to mahaukaci, ya isa haka, a bar na gobe. Baba ya ɗaga yatsa ɗaya, wato saura ɗaya.

A na biyar iska ta taso daga gaba, irin wadda ke zuwa kafin hadari. Yana tsakiyar hanya wutsiya a sama, sai na ga haske tsakanin tayoyin da ƙasa. Fiffiken dama ya ɗaga, ya gyaru, hanci ya yi sama. Jirgin ya wuce tsumman, ya kai tsawon itatuwan, ya ɗan fi su. Injin yana kuka da ƙarfinsa, lafiya lau, ba tari ba gargada. Sai ya yi tsit. Inji in zai mutu don kansa ya kan yi shaƙuwa tukuna. Wannan yankewa ya yi kamar an sa wuƙa. Na ji kukan tsuntsaye. Jirgin ya tsaya a sama kamar yana tunani, sannan ya kwanta ta hagu ya sauko da hanci.

Da ransa muka ciro shi, amma bai yi magana ba. Ya cika a bayan motar mai gonar kafin mu kai kwalta. Aka yi masa sutura bayan la'asar.

Washegari na koma gonar ni kaɗai, kafin jandarmomi su kwashe tarkacen, na karanta shi yadda aka koya mini. Totur a cike, an tura shi har ƙarshe. Famfon fetur a buɗe, tanki da mai. Makullin ƙuryar dama a kunne, murfinsa a rufe, ba a taɓa shi ba. Farfela reshe ɗaya ne ya karye, ɗayan ko ƙwarzane babu, wato ba ta juyawa lokacin da ta bugi ƙasa. Na bi wayar maɓallin sanda. Ya yi aikin da na sa shi.

Kada ku ɗauka ina cewa da ban sa shi ba da Baba yana raye. Ban sani ba. Mai yiwuwa da injin ya ci gaba da ja, da ya sunkuyar da hanci ya zagayo ya sauka, don ya taɓa yi da ƙuruciya. Mai yiwuwa kuma da ya ja sandar da hannu biyu har jirgin ya kife daga inda ya fi nan tsawo. Abin da na sani, na yi maganin hatsari ɗaya da na hango a ƙasa, ban tambayi kaina abin da maɓallin zai yi a sama ba, don an ce mini ba za a tashi ba. Jirgin da aka yi wa fiffike, aka ba shi wuta, ban da hujjar yarda da wannan magana.

A zaman makoki kowa cewa yake injin tsohuwar mota ne, me ake jira. Alhaji Sani ya ce kwana ne ya ƙare, ya yi mini godiya a gaban mutane saboda wahalar da na sha a kan aikin. Babu mai iya karanta farfela a cikinsu, da na yi shiru da maganar ta tafi kabari tare da shi. Ranar sadakar uku na kira Alhaji Sani da Malam Inuwa gefe na faɗa musu abin da na gani. Alhaji Sani ya ce Allah ya riga ya rubuta, kada in sake tayar da zancen. Tun daga ranar yana amsa gaisuwata, amma motocinsa Jonquet ake kai su. Malam Inuwa ya riƙe hannuna ya daɗe, ya sake.

Rabi ta dawo gida bayan kwana bakwai. Shekara ashirin da biyu tana jin zancen aiki a bakina, ta san abin da murfi yake nufi a kan maɓalli. Da safe ta kawo mini koko ta zauna a bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba. Ta ce ta ji mata suna cewa injin ne ya mutu, tana so ta ji daga bakina. Na gaya mata duka, tun daga agogon da ya faɗi har wayar da na bi. Ban rage ba. Ta saurara ba ta katse ni ba, tana kallon ƙasa.

"Alhaji, abu ɗaya zan tambaye ka," ta ce. "Dannawa ya yi don yana so ya sauko, ko damƙar sandar ya yi ya matse shi bai sani ba?"

Na ce mata na duba. Na kwance maɓallin na duba shi da gilashin ƙara girma. Taɓawa ɗaya ce, ko da niyya ko babu, alama ɗaya take bari.

Ta ce, "To ba ka sani ba."

Na ce ban sani ba.

Ta ɗauki kwanon ta shiga ciki. Ba ta sake tambaya ba har yau, ni ma ban sami amsar da zan kai mata ba.